Nutso kan gawar jirgin Valbanera

Duk wanda ya ji cewa Valbanera na kwance a zurfin mita 12 kacal zai ɗauka aikin wasa ne. Da muka sauka kansa, a yammacin Key West ta jihar Filorida, ba zurfin ne ya wahalar da mu ba, yashi ne da jan ruwa.

Jirgin mai tururi ne, na kamfanin Pinillos na Sifaniya, an ƙera shi a Gilasgo a 1906. A 1919 ya ɗebo 'yan ci-rani, akasarinsu daga tsibiran Kanari, zuwa Kyuba. Sama da 700 suka sauka a Santiyago. Ya iso bakin Habana daren 9 ga Satumba, guguwa ta riga ta sa an rufe tashar, sai ya juya cikin teku. Bayan kwana goma aka gano shi, kwale-kwalen ceto na rataye a wurarensu, ba gawa ko ɗaya. Mutum 488 suka tafi.

Wurin tudun yashi ne mai yawo, yau ya binne ƙarfen, gobe ya tone. Shi ya sa ba mu jefa anga ba sai da na'urar duba ƙasan ruwa ta nuna tudun jirgin, kuma a yashi muka jefa ta, gefe, don kada ta maƙale a ruɓaɓɓen ƙarfe. Mun jira ruwa ya lafa tsakanin cikowa da janyewa, sannan muka bi igiyar angar hannu bayan hannu. Wanda ya saki igiyar, ruwa ya yi gaba da shi, don haka kowa na da balan-balan ɗin alama a ƙugu.

A wannan zurfin iskar tukunyar numfashi da muke goyawa na ƙarewa fiye da ninki biyu na yadda take a sama, kokawa da ruwa kuma na ƙara cinye ta. Da bar 200 (ma'aunin matsin iskar tukunyar) muke shiga, mu juyo a 100, mu fito da 50. Bugun ƙafa kusa da ƙasa na tayar da yashi har ka kasa ganin tafin hannunka. Shiga ciki kuwa ganganci ne, yashi ya cika ɗakunan. Ba a ɗaukar ko ƙusa, kabari ne.

Ni dai ina ganin rashin zurfin nan shi ya ci jirgin: taguwar guguwa ta ɗaga shi ta maka da ƙasa, ya kishingiɗa kafin a sauke kwale-kwale ko guda. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne a yankin, sai a duba hasashen yanayi kafin a bar tasha.