Ranar da Baƙo ya zama BaÆ™o

Wata ƙaramar manhaja muke haɗawa da Python, wani yaren rubuta manhaja, a ofishinmu na Gombe, mai tsara sunayen manoma. Gwaje-gwajen da muka rubuta mata duk suna wucewa lafiya a kwamfutata mai aiki da tsarin Linux. A ta yaron da ke bautar ƙasa tare da mu kuwa, mai Windows, guda ɗaya kullum sai ya faɗi.

Kwana biyu ina ce masa, "Kai dai sake sa Python ɗinka." Ya sake, bai hana ba. Sai na ɗora laifin a kan alamar ƙarshen layi a cikin fayil, tunda Windows alama biyu take sawa, Linux ɗaya. Yini guda na kashe a nan, alhali na san Python da kanta take daidaita su in an buɗe fayil a matsayin rubutu. Har na fara tunanin a tsallake gwajin a Windows a huta. Da na yi, da mun sha kunya, don masu amfani da manhajar duk Windows gare su.

Rana ta uku bayan Azahar ya ce, "Oga, don Allah zo ka gani da idonka." Girman kai ne ya hana ni tashi tun farko. Na zauna a kujerarsa, muka sa na'urar ta nuna abin da ta karanto. Inda muke jiran Baƙo, sai ga BaÆ™o.

Ashe ni ne. Na buɗe fayil ban faɗi tsarin haruffansa ba, Python ta ɗauki na na'urar. Tawa UTF-8 ce, inda ake adana ƙ da lambobi biyu da ake kira baiti, C6 da 99. Tasa cp1252 ce, tsarin harsunan Yammacin Turai da bai san ƙ, ɗ da ɓ ba, sai ta karanta kowane baiti a matsayin harafi daban, kuma ko uffan ba ta ce ba. Sauran gwaje-gwajen sun tsira ne kawai don sunayen cikinsu su Musa da Audu ne, marasa lanƙwasa.

Gyaran bai kai layi ɗaya ba: encoding="utf-8", wato faɗa wa Python tsarin haruffan fayil ɗin. Muka kunna gargaɗin da Python ta zo da shi tun 3.10 don irin wannan mantuwa, ya tono wasu wurare bakwai, duk rubutuna. Yaron ya danne dariyarsa, ya ce, "Oga, bari in ƙara Ɗanladi da Ɓaidu a gwajin."