Ƙidayar faramita a samfurin Cormack-Jolly-Seber: inda aiki ya tsaya

'Yan uwa masu koyo, mun iso wurin da ake yawan tuntuɓe: a samfurin Cormack-Jolly-Seber, wanda ke ƙiyasta rayuwar dabbobi daga bayanan kama su, sa musu alama da sake kama su, faramita (adadin da samfuri ke ƙiyastawa) nawa ne bayananmu za su iya fitarwa da gaske, ba waɗanda muka rubuta a takarda ba.

Misalinmu shi ne bayanan tsuntsun dipa (dipper) na rafukan gabashin Faransa: tsuntsaye 294 da aka sa wa zobe, kamu 7, daga 1981 zuwa 1987. Kamu 7 tazara 6 ke nan. A samfurin phi(t)p(t), inda (t) ke nufin kowace shekara da nata adadi, akwai phi 6, wato yiwuwar tsuntsu ya rayu kuma bai bar wurin ba, da p 6, yiwuwar a sake kama shi. Kamun farko ba shi da p, domin lissafin yana farawa ne bayan an saki tsuntsu da zobensa. Jimilla 12. Amma 11 ne kawai ke rabuwa, wato ake iya ƙiyasta su daban-daban.

Matsalar tana shekarar ƙarshe. A sauran shekaru, tsuntsun da ya kuɓuce mana bana in ya faɗa raga baɗi, ya nuna mana cewa yana raye, kamu ne ya kuskure. Bayan 1987 babu wani kamu da zai ba da wannan shaida. Abin da muke gani kawai shi ne phi na ƙarshe sau p na ƙarshe. A ce ya fito 0.48. Zai iya zama 0.6 sau 0.8, ko 0.8 sau 0.6, ko 0.48 sau 1. Duk ɗaya ne a wurin bayanan. Don haka su biyun faramita ɗaya ne, kuma ƙa'idar ita ce 2k−3 in kamu k ne.

In aka raba maza da mata a phi da p duka, 24 ta koma 22. In kuwa phi kaɗai aka raba, p(t) na kowa ne, to 18 ta koma 17: a shekarar ƙarshe abubuwa uku ne ba a sani ba (phi na maza, phi na mata da p), sakamako kuwa biyu. A phi(t)p(.), inda p ɗaya ne a duk shekaru, ba a rasa komai, 7 ɗin duk suna nan, tunda sauran shekaru sun riga sun faɗi p.

Kada a miƙa wa MARK, manhajar da ake gudanar da waɗannan samfura da ita, wannan ƙidaya ido rufe. Ita tana duba lanƙwasar lissafin ne a daidai inda amsa ta tsaya. Da haɗin logit (hanyar lissafi da ke tsare yiwuwa tsakanin 0 da 1), in phi ya manne kusa da 1, wurin yakan baje, sai ta tsallake faramitar da ke nan daram. Kowace faramita da ta ɓace tana rage AIC (ma'aunin kwatanta samfura, wanda mafi ƙanƙanta ya fi) da kusan 2, kuma hakan ya isa ya ɗora samfuri a saman tebur ba da haƙƙinsa ba. Wani haɗin, na sin, ya fi jure wannan, shi ya sa ake fara gwada shi.

Ku ƙirga da hannu kafin ku danna komai, sannan ku gwada da adadin da MARK ta bayar, ku gyara nata in sun saɓa. In kuna shakkar wata faramita, ku ninka bayanan sau 100 ku sake gudanarwa. Wadda ke rabuwa, kuskuren ƙiyasinta (standard error) zai ragu kusan ninki 10. Wadda ta cuɗe da wata, ninkin ba zai warware ta ba.