Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jinin da Ya Kwanta a Kan Baba

A makon jiya na tsaya ne a inda Baba ya zame daga kan tsani yana duba rumbu, a kakar 2015, ya bugi kansa da ƙasa, ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya ce babu komai. Ko jini bai fita ba, kuma da shi aka yi sallar Magariba a masallaci. Sai bayan kusan mako shida, lokacin da kowa ya manta da faɗuwar, sannan ciwon kai ya sa shi gaba, wani mai kemis ya haɗa masa asfirin yana sha safe da yamma.

Daga nan ya fara kiran jikokinsa da sunayen ƙannensa da suka rasu, yana jan ƙafar hagu idan yana tafiya, moɗa tana suɓucewa daga hannunsa na hagu. Wasu suka ce rikicin tsufa ne, Gwaggo ta ce iska ce, a asibitin da muka fara zuwa kuwa aka ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki, aka ba mu magani muka dawo gida. Har yau ina jin ciwon kwana goman da muka yi muna kallonsa yana ƙara nutsewa cikin barci. Da muka koma, wani matashin likita da ke aiki ranar ya yi mini tambayar da babu wanda ya yi: "Malam, Baba ya taɓa faɗuwa ko buguwa a kai cikin watannin nan?" Da na ba shi labarin tsanin, nan take ya rubuta mana takardar zuwa Sakkwato.

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, aka ɗauki hoton kan Baba da na'urar siti sikan. Likitan tiyatar ya nuna mini wani abu mai siffar jinjirin wata a ɓangaren dama, ya danne ƙwaƙwalwar har ya turata gefe. Ya bayyana mini cewa ƙwaƙwalwar tsoho takan ɗan motse, sai ƙananan jijiyoyin jinin da ke tsakaninta da fatar da ta lulluɓe ta su miƙe kamar zaren da aka ja, ta yadda ƙaramar buguwa ma takan tsinka ɗaya. Jinin ba ya zuba lokaci guda, yana tsattsafowa ne a hankali har tsawon makonni, kuma asfirin, da yake yana hana jini daskarewa, yana ƙara ta'azzara lamarin. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa hagun jiki, dalilin da ya sa moɗa take faɗuwa ke nan.

Kawu, ƙanen Baba, ya ƙi amincewa da farko. Ya ce da ni, "Ɗana, ciki ake yankawa a ɗinke, amma kai ba a buɗe shi mutum ya koma daidai." Ban ga laifinsa ba, domin ni ma hannuna yana rawa na karɓi takardar amincewa. Likitan ya zauna da shi cikin ladabi ya ce, "Baba, ba za mu buɗe kan ba, ƙananan huda biyu za mu yi a ƙashin, kowace ba ta kai faɗin kwabo ba, mu bar jinin ya fito." Bai ɓoye mana haɗarin ba, ya ce kusan ɗaya cikin goma jinin yakan sake taruwa har a koma aiki. Kawu ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce in sa hannu da sunan Allah.

Aikin bai wuce awa ɗaya da rabi ba. An ce mana jinin ya fito baƙi ƙirin, ruwa-ruwa, kamar tsohon man inji. Aka bar masa siririn tiyo a ƙarƙashin bandeji na kwana biyu domin ragowar ya tsiyaye, aka kuma umarce mu da kada mu ɗaga kansa sama sai likita ya ba da izini.

Da asubar rana ta biyu ina gyangyaɗi a gefen gado, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu, riƙo mai ƙarfi, kuma da hannun hagu. Baba ya kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana da shi tun ina yaro, ya tambaye ni ko an gama shigar da geron rumbu kafin tsuntsaye su ɓata shi. Na fita da gudu na taso Kawu daga tabarmarsa a baranda.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda muka koma gida da abin da hoto na biyu ya nuna bayan wata guda.