Shaguna da yawa, dila ɗaya

Talata, bayan isha'i.

Ƙanena ya zo da hantsi don ya gyara mini shafin intanet da nake zuba bayanan kiwon kaji. Yana cikin aiki ya buɗe wani dogon jeri na masu ziyara, sai ga sunaye biyu suna ta maimaituwa, Googlebot da bingbot, har da ƙarfe uku na dare. Na ce su wane ne waɗannan marasa barci?

"Yaya, ai ba mutane ba ne. 'Yan aiken injinan bincike ne, gizo-gizo ake ce musu. Suna bin shafi shafi, su kwashi abin da ke ciki su kai rumbu. In ka yi tambaya, rumbun ake dubawa."

Ni kuwa shekara biyu ke nan ina bincike da DuckDuckGo, wani ƙaramin injin bincike, har ina yi wa abokai burga wai na bar manya. Na ce to nuna mini nasu gizo-gizon. Ya ce suna da shi, amma mafi yawan amsoshin da nake gani daga rumbun Bing na Microsoft ake saro su. Startpage na ƙasar Holan daga Google yake ɗauka. Yahoo ma tun yarjejeniyar 2009 ya jingina da Bing. Sai na tuna Kantin Kwari: layi guda shago ashirin, kowa da allonsa da kirarinsa, atamfar kuwa dila ɗaya aka kwance. Ya ce shi ya sa a watan Mayun 2024, ranar da Bing ya sami matsala, DuckDuckGo da Ecosia da Qwant suka tsaya tare.

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba.

Akwai dai masu noma nasu. Mojeek a Ingila tun 2004 yake tara rumbunsa. Brave ya yanke igiyar Bing a 2023. Ecosia na Jamus da Qwant na Faransa sun haɗa kai a ƙarshen 2024 don gina na Turai. Abin da ya fi tsaya mini shi ne wahalar aikin: shafuka biliyoyi, kuɗin na'urori da na lantarki, kuma sai ka yi ta komawa don abin da ka kwasa jiya ya canza yau. Ga masu shafuka da yawa suna buɗe wa gizo-gizon Google ƙofa su rufe wa baƙo. Ta yaya ƙarami zai cika rumbu?

Nan na tambaye shi namu fa. Ya sosa ƙeya, ya buɗe wani ɗan fayil mai suna robots.txt, wanda ke faɗa wa gizo-gizo wa zai shiga shafi wa ba zai shiga ba. Ashe bara da kansa ya tare kowa ban da manyan nan biyu, wai don kada shafin ya yi nauyi. Layi biyu ne kacal. Na sa shi ya goge su kafin a kawo tuwo.

Gobe da asuba akwai rigakafin 'yan tsaki, bari in kwanta.