Dala hamsin da jadawalin yarana a Yamai

Mai shagon bakin layinmu a Bukoki ya ce wa babban ɗana sukari dala hamsin ne. Yaron ya duba kuɗin hannunsa, ya zaro ƙwandalar da aka rubuta 50 ya miƙa. A Yamai dala ɗaya sefa 5 ce, dala hamsin kenan sefa 250, abin da ya miƙa kuwa dala goma ne kacal. Da yamma na biyo ta wurin, mai shagon ya ce, a gaban matan unguwa, "Hajiya, yaron nan wace lakwal yake zuwa? Ko kuɗi bai sani ba." Yaron da ke raba adadi mai lamba huɗu da mai lamba biyu ba tare da ya ɗaga kai ba! Har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Laifin na jadawalin da na kwaso daga Sakkwato ne, kuma tun ranar na yage shi na sake wani.

Mu da muke karantar da yara a gida a nan dalilinmu sananne ne. Lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci ake yi, daga CI har CM2 (aji ɗaya zuwa shida), mu kuwa muna sa ran komawa gida Najeriya, babban kuma jarrabawar shiga sakandare ta Common Entrance ke jiransa a ƙarshen aji shida. To sai uwa ta zama hedimasta, malama da mai dafa abinci, da yara uku: mai shekara 11, mai 8, da auta mai 5.

Kuskuren farko shi ne a ɗauka shekara mako 52 ce. Ki ɗauki biro ki fara ragewa. Tafiya gida da damina, mako 6. Sallah ƙarama da babba, mako 2, don layyar Yamai ba ta kwana ɗaya ba ce, ana banƙare raguna a gasa yini guda, washegari a yi rabo. Azumi mako 4, ba sabon darasi, sai Alƙur'ani da bita. Ki ajiye mako 3 na zazzaɓi, baƙi da gaisuwar rasuwa, domin za su zo ko kin shirya ko ba ki shirya ba. Bita da gwaji mako 3, ɗaya a ƙarshen kowane zango. Saura 34. Sannan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ga wuta tana ɗaukewa, fanka ta tsaya: waɗannan mako 8 rabin aiki ake yi a cikinsu, ki lissafa su 4. Abin da ke hannunki na gaskiya mako 30 ne.

Da wannan 30 ake raba littafi. Na lissafi mai shafi 180, shafi 6 kenan a mako, ɗaya da rabi kullum daga Litinin zuwa Alhamis, Juma'a da safe a gyara abin da aka faɗi. Ki rubuta kwanan wata da fensir a saman kowane babi, kar da biro, don za ki goge. Na taɓa gwada Asabar zuwa Laraba don ya dace da makarantar allo. Bai yi ba, ranar Asabar da Lahadi yaran maƙwabta na ƙwallo a bakin ƙofa, kunnen nawa duk yana waje.

Wurin da aka fi faɗuwa shi ne rabon zango. A gida zango uku kusan kai ɗaya suke. Nan kuwa, a 'yan shekarun nan, azumi da zafi suna bin juna: a 2025 an kama azumi farkon Maris, a 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko makamancin haka. Ana sauke shi bazara na bakin ƙofa. Saboda haka kashi biyu cikin uku na littafi dole ya ƙare tsakanin farkon Oktoba da ganin watan azumi. Babi masu wuya, irin su ɓangaren lamba da doguwar rabawa, a sanyin Disamba da Janairu ake cin su. Masu sauƙi, awo da siffofi da karanta agogo, a bar wa zafi. Wanda ya bi littafi shafi bayan shafi zai tarar da babi mafi tauri a tsakiyar Afrilu, yaro na zufa, uwa na faɗa.

Tsarin yini kuma ƙa'idarsa ɗaya: kar yara biyu su buƙace ki lokaci guda. Bayan asuba rabin awa na hadda. Ƙarfe 7 zuwa 7:40 ina tare da babban a kan sabon darasi, mai bi masa tana kwafar rubutu, auta na jera murafen kwalba goma-goma. Daga nan rabin awa na ta tsakiya, babban ya koma aikin da na ba shi. Auta minti 15 ya ishe shi, in aka ƙara sai kuka. A karya kumallo. Ƙarfe 9 zuwa 10 darasin haɗaka, batu ɗaya hawa uku: in kogin Kwara ne, auta ya zana jirgin ruwa, ta tsakiya ta rubuta layi biyar, babban ya fito da ƙasashen da kogin ya ratsa daga Gini har teku. Ƙarfe 11 an tashi, da bazara kuwa, da ake rabin aiki, 9:30. Kuma kar ki bar wa babba ƙaninsa ya wuce minti goma, daga koyarwa sai ranƙwashi.

Abu biyu na ƙara bayan maganar mai shago. Kullum minti biyar na dala: in ce dala arba'in, su ce 200, in ce jika biyu da rabi, su ce 2,500. Sai wani ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni da ke zuwa sau uku a mako bayan la'asar yana yi musu Faransanci. Zabarmanci kam a titi suke tsintarsa, sun ma riga ni. Yanzu babban ne ke kama kuskuren canji, kuma ba na ɓoye cewa da gangan nake aikensa shagon nan.

Littattafai a saye na shekara gaba ɗaya lokacin da aka je gida. Da aka rufe iyaka bayan Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, littafin Ingilishi ɗaya muka yi ta fotokofi gida uku. Kuma amsa a littafin rubutu daban, don ƙanne su gada.

Mako shidan gida su ne ba na taɓawa ko an yi baya a darasi. Daga Yamai a bi Doso da Dogon Dutsi zuwa Ƙonni, a tsallaka Illela, yini guda ne a mota, amma a can ne yaran ke zama da 'yan'uwansu su gwada littafi, in ga ko mun yi gaba ko an bar mu. Ƙanwata malamar firamare ce, ita ke turo mini tambayoyin gwaji ta WhatsApp, wani lokaci ƙarfe sha ɗayan dare, ita kaɗai ce ke tambayata ko na gaji. Inna kuwa har yau ba ta yarda wannan makaranta ce ba. Duk ranar Juma'a in ta kira, bayan gaisuwa sai ta ce, "To, an sa su makarantar?" In ce, "Inna, suna karatu." Ta ce, "Ba shi na tambaye ki ba." Sai ta ce a ba ta auta, ya karanta mata Ƙulhuwallahu, ta yi masa alkawarin ƙuli-ƙuli in sun zo da damina.