Ciyawar Turai a tsakar gidan Damagaram

Ƙanena ya aiko mini da irin ciyawa daga Faransa, wadda suke kira raigiras. Na watsa shi gefen rijiya a Nuwamba, lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa. Cikin mako guda ƙasa ta yi kore shar.

Ga mai son gane ta, ya tsinki ganye ɗaya ya juya bayansa: yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Gindin karan kuma ja-ja ne. Tana tashi tsibi-tsibi, ba ta yaɗo a ƙasa irin na kiri-kirinmu, shi ya sa inda ta mutu sai ya zauna fili, dole a sake zuba iri.

Ita fa 'yar sanyi ce. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 24, mu kuwa a Afrilu muna haura 40. Disamba da Janairu ne kaɗai kakarta a nan. Ina ba ta ruwa da sassafe, kuma in zan yanke ba na cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta, kada saiwarta ta yi rauni.

Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam, ruwan da muke saye hannun 'yan garuwa kake ba ciyawa?" Tana da gaskiya, ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne. Maris na shigowa zan bar ta ta bushe, in dasa kiri-kiri a wurin.