Kafin ka sayi rediyo na biyu, juya bayansa

An tura ɗan ƙanwata koyarwa wani ƙauye a ƙasar Katsina, inda sai an hau tudu ake samun sabis. Akwai rediyo a gidansu, amma mahaifiyarsa ba ta rabuwa da shi, shi ya sa yake neman na biyu wanda zai jefa a jaka. Ya miƙo mini wayarsa yana murna: "Kawu, dubi wannan. Akwai tocila, akwai Bluetooth, yana cin memori, ga sola a bayansa. Ba ruwana da sayen batir." Na tambaye shi mita nawa yake kamawa a gajeren zango, bai sani ba. Na ce ta ina ake buɗe shi idan ya lalace? Ya ce ai sabo ne. Raina ya ɓaci, kuma ba da shi kaɗai nake fushi ba, domin abin da yake shirin yi ni na riga shi yi.

Lokacin da nake harkar hatsi tsakanin Dawanau da kasuwannin bakin iyaka, irin su Maigatari da Mai'adua, ina da tsohon National Panasonic da na gada daga mahaifinmu. Manyan batura yake ci, ga nauyi, ba ya shiga aljihu. Bai taɓa ba ni kunya ba, amma na gaji da ɗaukarsa. Sai na shiga Sabon Gari na ga wani ƙarami, sumul, lambobi na haske a fuskarsa, batirinsa a ciki, caji kawai ake yi. Ban juya bayansa ba. Ban ja eriyarsa na ga yadda aka ɗaure ta ba. A cikin shago mai cike da fitilu aka kunna mini FM, ƙara ta fito tar, na biya na tafi.

Har yau ina ganin ina da hujja. Wanda bai taɓa laluben BBC a mita 16 da allura ba, yatsa na motsi kaɗan tasha ta gudu, ba zai gane daɗin danna lamba tasha ta zauna daram ba. Idona ma ya fara rauni, ƙananan rubutun nan na jikin gilashi ba na ganinsu da asuba. Kuma kuɗin batir ba ƙarami ba ne ga mai kunna rediyo tun shirin safe har na takwas da rabi na dare. To amma duk wannan hujjar ba ta hana abin da ya faru faruwa ba. Ina ajiye shi a gaban mota, rana ta dake shi. Batirin ya kumbura har ya ɗaga murfi. Daga nan sai ya koma ba ya aiki sai a jikin caja, kuma duk wanda ya gwada sauraron gajeren zango a jikin caja ya san irin gurnanin da ke rufe muryar mai labarai. Bayan nan eriya ta karye daga tushe. Rannan kuma ya yi shiru gaba ɗaya.

Na kai wa wani dattijo mai gyara. Ya juya shi, ya sake juyawa, babu sukuru ko ɗaya, da gam aka manne shi. Sai da ya sa bakin wuƙa ya ɓamɓare, roba na tsagewa. Ya nuna mini wani baƙin ɗigo a kan fanel, kamar an ɗiga kwalta, ya ce, "Alhaji, duk rediyon a ƙarƙashin nan yake. Ba lamba, ba ƙafa, ba inda zan sa dalma. Ka yi haƙuri."

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na gida. Tunda na samu sabo na jefa tsohon a bayan akwati da baturansa a ciki. Da na ɗauko shi, batir ya zube, wani farin gari mai kore-kore ya cinye sifirin, ya bi waya ya shiga ciki. Kayan mahaifina, ni na yi masa haka da hannuna. Na kai wa dattijon ina jin nauyi. Ya kwance sukurori, bayan ya buɗe ba gardama. Ya kankare tsatsar da samfefa, ya ciro sifirin daga wata matacciyar tocila ya liƙa da dalma, ya canza zaren da ke jan allura, ya wanke maɓallin ƙara da ƙurar hunturu ta sa yake kakari. Ina zaune a kan benci ya kama tasha. Shi ne nake ji har gobe.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma da na zauna sai na ga ba su da yawa. Juya bayan rediyon. In ba ka ga sukuru ba, ajiye shi. Buɗe gidan batir: in batirin da ake samu a kowane tebur ne, manya ko ƙanana irin na Tiger, to madalla. In kuma na caji ne, ya zama wanda za ka zare da yatsa ka sa wani, kamar BL-5C na tsohuwar Nokia da Tecsun PL-330 ke amfani da shi, wanda ko a kasuwar ƙauye za ka samu. Eriya ta kasance da sukuru aka ɗaure ta, domin ita ce ke fara karyewa. Wannan solar da ake manna wa a baya kuwa, faɗinta bai kai tafin hannu ba, wutar da take bayarwa ba ta taka kara ta karya ba, kuma tana tilasta maka shanya rediyon a rana, zafi ya dafa batirin.

Kada ka yarda a gwada maka FM kaɗai, kowace ragaɓa tana kama FM a cikin birni. Je kasuwa daidai lokacin shirin rana, ka fita waje nesa da fitilu da janareta, ka ja eriya ka nema a gajeren zango. Ka tabbata akwai mita 16 da 19 don rana, da 31, 41 da 49 don dare, domin tashoshi suna sauya mita sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, kuma rediyon da zangonsa bai cika ba zai bar ka a hanya.

Na san abin da za ku ce: wa ke jin gajeren zango yanzu, ga waya? Abin da ke ƙona mini rai da ku ke nan. Kun ɗauka data ba ta yankewa. A Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Da me mutane suka ji abin da duniya ke ciki? A Nijar an dakatar da RFI a Agustan 2023, aka dakatar da BBC wata uku a Disambar 2024. FM ana kashe shi daga ofis guda, amma muryar da ta taso daga wata nahiya ba a tare ta a kan iyaka. Gaskiya ne tashoshin suna raguwa, Muryar Amurka da ta fara Hausa a 1979 ta yi shiru a Maris 2025, kuma hakan ya taɓa ni. Duk da haka ban ga dalilin da zai sa malamin makaranta ya tafi ƙauye ba shi da abin jin labari sai waya ba.

Zan ce ku nemi tsohon na hannu, Sony ko Panasonic, da tsohuwar zuma ake magani. Amma kuma ina tsoro: wanda ya shekara talatin kayan cikinsa sun bushe, kuma masu gyaran suna ƙarewa, yaran da ya kamata su gaje su duk sun koma gyaran waya a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano. To wa zai taɓa maka shi nan da shekara biyar? Wani lokacin sai in ga gara ma ka sayi Kchibo mai araha, in ya mutu ka sayi wani, ka ajiye gawar don eriya da sifika. Na san wannan ya saɓa da duk abin da na faɗa a sama. Kuma ku sani, da yawa daga sababbi masu allura ma ƙwaya ɗaya ce a cikinsu, irin baƙin ɗigon nan da ba ya gyaruwa.

Don haka kafin ka je wurin mai sayarwa, fara zuwa wurin mai gyaran da ya fi kusa da inda za ka zauna, ba na birni ba. Gaishe shi da kyau, ba a tsaye kana latsa waya ba. Tambaye shi wane iri ne yake da kayansa a akwati, wane iri ne kuma yake mayar wa masu shi ba gyara. Wanda ya ambata shi za ka saya, ko da ba shi da tocila.